Taskar Rubuce-rubucen Hannu ta Jami'ar Gana da Amfaninta ga Ɗalibin Hausa

1.0 Gabatarwa

Yawancin ɗaliban jami'a ɓangare ɗaya suka sani a laburare, wato inda littattafai suke jere a kan kanta, mutum ya zaɓi wanda yake so, a buga masa hatimi, ya tafi da shi ɗaki. To amma kusan kowane babban laburare yana da ɓangare na biyu wanda ba a cika shiga ba. A nan ne ake ajiye abubuwan da ba a ba da aronsu, kamar littattafan da aka rubuta da hannu, da tsofaffin wasiƙu, da taswirori, da hotuna, da faya-fayan muryoyin mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wannan ɓangare shi ake kira sashen tarin musamman, wasu kuma su ce taskar kayan tarihi.

Wannan darasi ya ɗauki misali guda daga ƙasar Gana, wato tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Jami'ar Gana a Legon, kusa da birnin Akara. An zaɓi wannan tari ne domin a cikinsa akwai rubutun Hausa mai daraja wanda aka yi nesa da ƙasar Hausa. Darasin zai bayyana yadda aka tara shi, da abin da ya ƙunsa, da kuma abin da ɗalibi yake bukata kafin ya iya cin moriyarsa.

2.0 Abin da ya sa tari yake zama na musamman

Littafin da aka buga a maɗaba'a yana da 'yan'uwa ɗaruruwa ko dubbai, kuma duk kamanninsu ɗaya. Idan ɗaya ya ɓace, sai a sayo wani. Littafin hannu ba haka yake ba. Ko da malamai goma sun kwafi waƙa ɗaya, kowane kwafi daban yake. Wani ya tsallake baiti, wani ya sauya kalmar da bai gane ba, wani kuma ya ƙara bayani a gefen shafi. Sau da yawa mai kwafi yakan rubuta sunansa a ƙarshe, da sunan wanda ya yi wa aikin, wani lokaci har da rana da wata da shekara. Saboda haka littafin hannu labari biyu yake bayarwa: labarin da marubuci ya rubuta, da labarin hannuwan da littafin ya bi kafin ya iso laburare.

Wannan shi ne dalilin tsauraran dokokin da ake samu a irin waɗannan sassa. Ba a fita da komi waje. Da fensir ake rubutu, ba da biro ba. Ba a shiga da abinci ko abin sha. Ba a ɗaukar hoto sai da izini. Akwai kuma wata doka da ta fi shafar littattafan Afirka ta Yamma, wato kada a hargitsa jerin takardu. A al'adar malaman wannan yanki ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Yawanci babu lambar shafi. Abin da ke nuna jeri shi ne kalmar da mai kwafi yakan rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta warƙa ta gaba. Idan mai karatu ya yi sakaci ya cakuɗa warƙoƙin littattafai biyu, gyaran yana iya cin kwanaki.

3.0 Jami'ar Gana da taskokinta

An kafa wannan makaranta a 1948, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingila da sunan Gwalkwas. Ƙasar ta sami 'yancin kai a 1957, makarantar kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Babban laburarenta yana ɗauke da sunan David Balme, shugabanta na farko. Daga cikin abubuwan musamman da ke can akwai tarin Furley, wato bayanan da wani tsohon jami'in mulkin mallaka ya kwafo daga takardun Turawan Holan da suka yi ciniki a bakin tekun ƙasar.

A 1961 ɗin ne kuma aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a cikin jami'ar. Thomas Hodgkin ya shugabance ta daga 1962 zuwa 1965, shugaba Kwame Nkrumah kuma ya yi bikin buɗe ta a watan Oktoba na 1963. Cibiyar tana da taskar kaɗe-kaɗe da waƙoƙin gargajiya wadda ke ɗauke da sunan masanin kiɗa J. H. Kwabena Nketia, tana kuma da tarin rubuce-rubucen hannu da ake magana a kansa a nan.

Ya kamata a lura da zamanin da aka yi wannan aiki. A wancan lokaci akwai manyan masana a Turai da suke ganin Afirka baƙar fata ba ta da tarihin da ya cancanci a koyar, tun da a zatonsu ba ta da rubutu kafin zuwan Turawa. A shekarar 1963 ɗin nan ma wani shahararren malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya faɗi magana irin wannan a bainar jama'a. Ke nan neman tsofaffin takardu a lokacin yana da nasaba da mutuncin ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yanci ba. Nkrumah da kansa ya ambaci takardun Larabci da Hausa da cibiyar ta fara tarawa a jawabinsa na ranar buɗewa.

4.0 Yadda aka tara rubuce-rubucen

Mutane uku ne sunayensu suka fi fitowa a farkon aikin: Hodgkin, da Ivor Wilks masanin tarihin Asante, da Alhaji Usmanu Boyo, wani malami mutumin Kintampo. Alhaji Usmanu shi ne ya san gidajen malamai, shi ne kuma suka yarda da shi. A 1962 su ukun suka fitar da jerin farko na sunayen littattafan da aka gano.

Matsalar da suka tarar ita ce, malami ba ya rabuwa da littafinsa. Gado ne daga uba ko daga malaminsa, da shi yake karantar da almajirai, kuma akwai albarkar da ake ganin tana tattare da shi. Saboda haka hanyar da aka fi bi ita ce ta aro. A karɓi littafi, a kai shi Legon, a ɗauki hotonsa, sannan a mayar wa mai shi da kayansa. Duk wanda aka mayar wa da littafinsa lafiya yakan zama shaida ga maƙwabcinsa. Da haka aikin ya bi garuruwa irin su Kumasi, da Kintampo, da Wenchi, da Wa, da Salaga, da Yendi, da Kete Krachi. A cikin shekarun 1960 aka tara abubuwa kimanin 500. Kowane ɗaya an ba shi haruffan IASAR tare da lambarsa, kuma da wannan lamba masu bincike suke ambatonsa har yau. Mafi yawa da Larabci suke, sai Hausa ta biyo baya, sannan 'yan kaɗan cikin harsunan ƙasar, kamar na Dagwamba.

5.0 Abin da ya kai Hausa Gwanja

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai rubutun Hausa wurin da yake da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Kano? Amsa ita ce goro. Goro yana fitowa ne a dazuzzukan ƙasar Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa, masu cinsa kuwa suna can arewa. A ƙarni na 19 babbar kasuwar da fatake suke sayensa ita ce Salaga, a ƙasar Gonja, wadda Hausawa ke kira Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, ya yi watanni kafin ya isa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci.

Ayari ba ya tafiya ba malami. Shi ke jan salla, shi ke rubuta wasiƙu, shi ke yi wa tafiya addu'a. Wasu fatake da malamai ba su koma gida ba, suka zauna a zango, suka yi aure, suka buɗe makarantu. Ta haka Hausa ta zama harshen zanguna a Gana, kuma haka take har yanzu. Da suka zo sun tarar da wasu Musulmi da suka riga su da ɗaruruwan shekaru, wato Wangarawa ko Jula, waɗanda suka gangaro daga ƙasar Mali ta dā suna cinikin zinariya. Tarin Legon ya ƙunshi rubutun waɗannan jama'u biyu.

6.0 Misalai uku daga cikin tarin

6.1 Tarihin Gwanja

Akwai wani littafin tarihi da Larabci mai suna Kitab Ghanja, wanda malaman ƙasar suka rubuta a tsakiyar ƙarni na 18. Marubutan sun jera abubuwan da suka faru shekara bayan shekara bisa lissafin Hijira: naɗin sarakuna, da rasuwar limamai, da yaƙe-yaƙe. Ba labarin Gwanja kaɗai ya kawo ba, har da na maƙwabta, kamar rasuwar sarkin Asante Opoku Ware a 1750. Da irin waɗannan shekaru masana suka daidaita labaran baka na Asante da Dagwamba, waɗanda ba su zo da kwanan wata ba. A 1986 Wilks da Nehemia Levtzion da Bruce Haight suka buga shi tare da fassara, bayan sun gwama kwafe-kwafe daban-daban.

6.2 Salsalar malamai

A al'adar Wangarawa, idan ɗalibi ya sauke manyan littattafai uku, wato Tafsirin Jalalaini, da Ashafa ta Alƙali Iyal, da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, malaminsa yakan rubuta masa takardar shaida. A cikinta akan jera sunan malamin, da malamin malaminsa, haka har a yi nisa. Takarda guda ɗaya ba ta da wani yawa, shafi ɗaya ne ko biyu. Amma da Wilks ya jera da yawa daga cikinsu ya gwada, sai ya ga galibinsu suna komawa ga mutum ɗaya, Alhaji Salimu Suwari, ya kuma ga ta waɗanne garuruwa ilimin ya biyo. Wannan misali yana nuna amfanin tari: abin da takarda ɗaya ba za ta faɗa ba, takardu da yawa a wuri ɗaya suna iya faɗa.

6.3 Alhaji Umaru na Kete Krachi

Ga ɗalibin Hausa, babban suna a cikin tarin shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu kuma Kabi ne. Mahaifinsa bafatake ne, shi ma ya bi hanyar Gwanja har ya zauna a Salaga. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin masu neman sarauta, garin ya watse, baƙi suka bazu zuwa wasu kasuwanni. Alhaji Umaru ya ƙare a Kete Krachi, a bakin kogin Volta, inda ya zama limami, ya karantar da ɗalibai masu yawa, ya rasu a 1934.

Ya yi rubutu da Larabci da Hausa, kuma abin da ya bambanta shi da da yawa daga cikin malaman zamaninsa shi ne yadda ya mai da hankali ga abin da ke faruwa a gabansa. Tun yana saurayi ya tsara littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Ya yi waƙa a kan yaƙin Salaga. Ya yi waƙoƙi a kan zuwan Turawa, ciki har da Waƙar Nasara da Hausa, inda ya bi garuruwa da sarakunan da suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi Waƙar Talauci da Wadata, wadda ta kwatanta yadda jama'a suke wulaƙanta matalauci suna girmama mai dukiya. Ya kuma yi waƙa a kan annobar mura ta 1918. An sami kwafe-kwafen waƙoƙinsa a hannun almajiransa a garuruwa daban-daban, abin da ke nuna yadda suka yaɗu.

Ba duk rubutunsa ne yake Legon ba. A zamaninsa Kete Krachi tana cikin yankin Togo na Jamusawa, kuma wani jami'insu mai suna Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906, ya yi karatu a wurinsa. Alhaji Umaru ya rubuta masa dogayen bayanai da ajami a kan tarihi da sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa. Waɗannan takardu Turai suka tafi, kuma a shekarar 2000 Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya buga wasu daga cikinsu. Saboda haka mai nazarin marubuci ɗaya yakan bukaci taska fiye da ɗaya.

7.0 Amfanin kwafi da inda ya gaza

Hanyar aro da mayarwa tana da fa'idodi a fili. Littattafai sun ci gaba da zama a gidajensu ana karatu da su. Sannan an sami madadi idan wani abu ya sami na asali, domin abokan gaban takarda suna da yawa: gara, da ɓera, da danshin damina, da gobara, da rabon gado, da ƙaura. Ita kanta tsohuwar Kete Krachi ruwa ya cinye ta bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, aka tayar da mutanenta zuwa sabon wuri. Fa'ida ta uku ita ce kwafi yana haihuwar kwafi. Akwai wani kwafin tarin Legon a laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern, kusa da Shikago a Amurka, jami'ar da Wilks ya koma koyarwa a 1971.

Amma hoto ba ya ɗaukar komi da komi. Yawancin takardar da malaman Afirka ta Yamma suka yi amfani da ita a ƙarni na 19 daga Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ko Alƙahira. Idan aka ɗaga irin wannan takarda wajen haske, ana ganin tambarin masaƙarta a cikin jikinta, wanda ya fi yawa shi ne jinjirin wata guda uku. Da wannan tambari masana suke kintatar shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba. A kwafi tambarin ba ya fitowa. Haka kuma malamai sukan sa wasula ko muhimman kalmomi da jar tawada, amma a hoton baƙi da fari ja da baƙi sukan zama abu ɗaya, wani lokaci ma jan ya dushe. Rubutun gefen shafi kuwa sau da yawa na'ura takan yanke shi.

Akwai wani abu kuma da tarin aro ba ya nunawa, wato laburaren malami ɗaya gaba ɗayansa. Abin da aka zaɓa ko abin da mai shi ya yarda ya fito da shi kaɗai ake gani. A wannan laburare na Herskovits akwai misalin ɗaya hanyar: tarin Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962. An ajiye littattafansa a dunƙule, abubuwa fiye da 3,000, daga fiƙihu da nahawu har zuwa waƙoƙi da fa'idojin magani. Wanda ya duba shi zai ga abin da Bahaushe ɗaya mai ilimi ya karanta a tsawon rayuwarsa. Kowace hanya da irin tambayar da take amsawa.

8.0 Abin da ɗalibi yake bukata

Wanda boko kaɗai ya iya ba zai karanta Alhaji Umaru daga tushe ba, sai dai ya dogara ga abin da wani ya juya masa. Matakin farko shi ne sanin rubutun Magaribi, wanda shi ne tushen rubutun wannan yanki. A cikinsa harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, harafin ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin abin da ake gani a littattafan bugun Masar.

Mataki na biyu shi ne sanin yadda aka lanƙwasa haruffan Larabci don su ɗauki sautukan Hausa. Alal misali, غ shi ne g, ث shi ne c, ط shi ne ɗ, ق kuma shi ne ƙ. Wasalin e ana nuna shi da ɗigo a ƙarƙashin harafi. To amma ajami bai taɓa samun daidaitacciyar ƙa'ida guda ɗaya ba. Marubuta da yawa ba sa bambanta b da ɓ, saboda haka bari da ɓari sukan zo da kama ɗaya. Haka kuma u da o, ta yadda duka da doka, ko kura da kora, sai ma'anar jimla ce za ta raba su. A waƙa, karin waƙar da amsa-amo sukan taimaka wajen gano kalmar da ake nufi.

Mataki na uku shi ne haƙuri da tsohuwar Hausa. Akwai kalmomin fatauci da na sarauta da aka daina amfani da su, da kalmomin Larabci da yawa, da sunayen garuruwan da suka sauya ko suka ɓace. Nan ne tsofaffin ƙamusoshi suke da rana, musamman na Bargery na 1934. Idan kuma aka sami kwafi biyu ko uku na waƙa ɗaya, wajibi ne a gwama su baiti-baiti kafin a ce ga abin da marubuci ya faɗa.

9.0 Kammalawa

Tarin Legon ya tabbatar da cewa an daɗe ana rubutu a arewacin Gana kafin zuwan Turawa, kuma Hausa tana da rabo babba a cikin wannan rubutu. Masu tarawa sun yi nasu aikin a shekarun 1960, ma'aikatan laburare kuma suna tsare abin da aka damƙa musu. Aikin da ya rage shi ne karantawa, da juyawa zuwa boko, da sharhi, kuma wannan yana hannun wanda ya haɗa Hausa da ajami da ɗan abin da ya samu na Larabci. Ɗalibin da yake neman batun kundin digiri zai iya farawa da waƙa ɗaya mai kwafi biyu.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya littafin hannu ya bambanta da littafin bugu?
2. Me ya sa masu tara rubuce-rubuce a Legon suka bi hanyar aro?
3. A bayyana dangantakar cinikin goro da yaɗuwar rubutun Hausa a Gana.
4. A kawo abubuwa biyu da ake gani a littafi na asali amma ba a ganinsu a kwafi.
5. A kawo wasu kalmomi biyu na Hausa, ban da waɗanda ke cikin darasin, da za su iya rikita mai karatun ajami.